Abin da Duna Ya Koya Mini: Darussa Daga Rayuwar Kare

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, idan ka bi hanyar da ta taso daga Jimeta zuwa cikin garin Yola da sassafe, ko ka zagaya bayan kasuwa inda mahauta suke zubar da ƙashi, da wuya ka rasa ganin kare. Wani yana da ubangida, jikinsa sumul, yana tafe yana kaɗa wutsiya. Wani kuwa ba shi da kowa. Haƙarƙarinsa duk a waje, ƙudaje sun cinye masa kunnuwa, yara kuma suna bin sa da jifa. Yawancinmu mukan wuce irin wannan kare ba tare da mun sake dubansa ba.

A wannan darasi za ka karanta labarin wani kare da ya zauna a gidanmu shekara goma sha ɗaya. Za ka ga yadda aka cece shi, da abin da zama da shi ya koya mini. Za ka kuma koyi yadda ake taimakon kare marar gata ba tare da mutum ya jefa kansa ko maƙwabtansa cikin haɗari ba. Yayin da kake karatu, ka lura da karin magana da sababbin kalmomi, domin za a tambaye ka a kansu a ƙarshe.

Kare da Ɗan Adam

Masana sun tabbatar da cewa kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara kiwo, tun kafin saniya da tunkiya da kaza. Zamansu tare ya haura shekara 14,000. A ƙasar Adamawa ma kare ba baƙo ba ne. Mafarauta suna fita da shi daji da rani, makiyaya suna ajiye shi a ruga, manoma kuma suna barin sa gadin gona da gida. Abin da ya ba shi wannan matsayi shi ne hancinsa da kunnensa. Yana jin ƙanshi da motsin da mutum ba ya iya ji, ko da a cikin duhun dare.

Hausawa sun daɗe suna lura da halin kare, shi ya sa ya cika karin maganarsu. Sukan ce, "Karen bana shi ke maganin zomon bana," wato matsalar kowane zamani mutanen zamanin ne suka san kanta. Sukan kuma ce, "In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi," wato take-taken mutum su ke nuna niyyarsa. Duk da haka, a bakin mutane da yawa kalmar "kare" zagi ce. Ga dabba mai amfani, ga kuma suna marar daraja.

Addini bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Musulunci ya yarda a ajiye kare domin farauta ko tsaron dabbobi ko gona, ya kuma yi umarni da a wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki. An ruwaito labarin wani matafiyi da ya ga kare yana lasar ƙasa saboda ƙishirwa, sai ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da shi, Allah kuma ya gafarta masa saboda wannan aiki. Kiristoci su ma an hore su da tausaya wa dabbobinsu. Saboda haka mutum yana iya kiyaye tsarkinsa da tsabtar ɗakinsa, kuma ya ji ƙan kare. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yadda Duna Ya Zo Gidanmu

Garin Jimeta yana bakin kogin Binuwai ne. Wannan kogi ya taso daga ƙasar Kamaru, inda aka gina masa madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a shekarar 1982. Idan damina ta yi ƙarfi madatsar ta cika, akan buɗe ta a saki ruwa. A daminar shekarar 2012 an yi haka, kogi ya tumbatsa, ya shiga gidaje da gonakin da ke kwari. Mutane da yawa suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka koma kan tudu. A irin wannan gudu, wa zai tsaya neman kare?

Wata safiya a cikin kwanakin nan na je bakin ruwa duba wani ɗan'uwana. Ina tsaye sai wani tsohon masunci ya iso gaɓa da kwalekwalensa. A cikin kwalekwalen, kusa da koma, akwai wani ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana ta rawar sanyi. Tsohon ya ce a kan rufin wata bukka da ruwa ya kusa shanyewa ya same shi, ba uwa ba 'yan'uwa.

Na ce, "Baba, yanzu yaya za ka yi da shi?"

Ya ce, "Malam, ni nawa na yi, na fid da shi daga ruwa. Gidana ma yana cikin ruwan nan. In ka bar shi a nan, kafin azahar yara sun kashe shi."

Ban taɓa kiwon kare ba, ban kuma fito da niyyar ɗaukar wani nauyi ba. Na juya zan tafi, sai na kasa. Na nemi tsohon kwali na sa shi a ciki, na ɗaura a bayan babur. Da na isa gida mahaifiyata ta leƙa kwalin, ta dube ni ta ce, "Mutane suna tsamo buhun masara, kai kare ka tsamo?" Na ce, "Inna, kwana biyu kawai zai yi, in ya murmure in sake shi." Ta ce, "To, amma iyakarsa zaure da bayan gida. Kada in gan shi kusa da tulu ko buzun salla." Saboda baƙinsa yara suka sa masa suna Duna. Kwana biyun nan su ne suka zama shekara goma sha ɗaya.

Darasi na Farko: Yarda Sai da Haƙuri

Kada ka yi zaton Duna ya fara kaɗa mini wutsiya tun ranar farko. Ya shige ƙarƙashin tarin itace ya ƙi fitowa. In na miƙa hannu sai ya yi gurnani. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata, "Dubi wannan butulu!" Daga baya na gane cewa tsoro ne yake damunsa. Dabbar da ta sha wuya ba ta san bambancin hannun da zai ba ta abinci da wanda zai doke ta ba.

Sai na sake dabara. Kullum safe da yamma nakan ajiye masa kunu da ɗan ƙanzo a kasko, in koma nesa in zauna shiru. Kowace rana ina ɗan matso da kaskon kusa da inda nake. A rana ta tara ya ci abincinsa a gabana, ya gama, ya kwanta a kusa da ƙafata.

Wannan abu ya bi ni har cikin aji. A shekarun da suka biyo baya mun karɓi ɗalibai da rikici ya raba da garuruwansu suka zo Yola. Wasunsu ba sa magana, wasu kuwa abu kaɗan sai faɗa. Duk lokacin da haƙurina ya kusa ƙarewa, nakan tuna da kaskon nan. Wanda aka tsorata ba a jawo shi da tsawa. Ana zuwa masa ne kullum da fuska ɗaya, har ya tabbata ba za a cuce shi ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Darasi na Biyu: Riƙon Amana

Da Duna ya girma, ya san ƙarar babur ɗina a cikin dukkan baburan unguwa. Kafin in shawo kwana yana bakin ƙofa. Ranar da aka biya albashi da ranar da aljihu ya bushe, tarba ɗaya yake yi mini. Bai taɓa tambayar abin da na riƙo ba.

Ba Duna kaɗai ke da wannan hali ba. A birnin Tokyo na ƙasar Japan an yi wani kare mai suna Hachiko, wanda yakan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya kowace yamma ya taryi ubangidansa, wani malamin jami'a. Malamin ya rasu a wurin aiki a shekarar 1925. Karen ya ci gaba da zuwa tashar yana jira har ya mutu a 1935. Yau akwai mutum-mutuminsa a bakin tashar, mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna zuwa kallo.

Ka san zafin Yola a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. A wani dare irin wannan Duna ya tashe mu da wani haushi wanda ba mu saba ji ba. Na daka masa tsawa, ya ƙi yin shiru. Da na haska tocila, sai ga kububuwa a gindin bango, taku kaɗan daga tabarmar yara. Kububuwa ƙaramar macijiya ce, amma dafinta yana kisa. Muka janye yaran, maƙwabci ya zo da sanda. Da gari ya waye, Inna da kanta ta zuba wa Duna romo a kaskonsa, ta ce, "Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Kada in ɓoye maka, Duna yana da nasa laifin. Wata rana ya tsinke igiya ya kashe kazar maƙwabciyarmu. Ban tsaya musu ba. Na je na ba ta haƙuri, na biya kuɗin kazar, na kuma gyara dangar da ya bi. Amana tana da fuska biyu. Kare yana tsare gidanka, kai kuma kana ɗaukar nauyin cinsa da shansa da lafiyarsa da ɓarnarsa. Wanda ya ajiye kare ya sake shi yana yawo a juji, yana tsorata masu wucewa, ya ci amanar karen, ya ci ta maƙwabta.

Darasi na Uku: Tausayi Sai da Ilimi

Wannan shi ne darasi mafi nauyi, don haka ka karanta shi da natsuwa. Mako guda bayan zuwan Duna, wani abokin aikina ya ba ni shawara in kai shi asibitin dabbobi. Likitan ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya cire masa kaska, ya ce in dawo da shi idan ya cika wata uku domin a yi masa allurar riga-kafin ciwon haukan kare. Bayan allurar ya ba ni kati, ya ce a riƙa sabunta ta kowace shekara. A ranar ce na fara sanin haɗarin wannan ciwo.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Idan dabbar ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, ko ta lashi wani rauni a jikinsa, ƙwayar takan shiga ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci alamun sukan bayyana bayan wata biyu zuwa uku, amma suna iya fitowa cikin mako guda, ko su kai shekara. Da zarar sun bayyana, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga kare suke ɗauka, kuma huɗu daga cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin farin ciki shi ne ana iya tare ciwon kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Pasteur ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, shi ya sa aka keɓe 28 ga Satumba ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a game da wannan ciwo. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar riga-kafin karnuka.

Shekara huɗu bayan zuwan Duna, wani baƙon kare ya shigo unguwarmu da tsakar rana, yawu na dalala daga bakinsa. Ya ciji ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara bakwai, a ƙauri. Nan da nan mutane suka taru. Wannan ya ce a shafa toka, wancan ya ce a ɗaure da tsumma. Na tuna da maganar likita, na ce wa uban yaron, "Malam, don Allah a kawo ruwa da sabulu tukuna." Muka yi ta wanke raunin har minti 15, sannan muka garzaya asibiti. Aka fara yi masa allurai a ranar, aka ba shi ranakun da zai koma. Ubansa bai tsallake ko ɗaya ba. Yaron nan yanzu saurayi ne.

Amma kafin magariba samarin unguwa sun kashe baƙon karen, suka kuma ɗauri aniyar kashe duk wani kare da ke unguwar. Suka iso ƙofar gidanmu da sanduna. Ban ga laifinsu ba, domin tsoro ne da ƙaunar yara suka tunzura su. Na roƙe su mu je gaban mai unguwa. A can na fito da katin Duna, na ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidar allurarsa ta kowace shekara. Yau kuma tun safe yana ɗaure a bayan gida, bai haɗu da wancan karen ba." Mai unguwa ya sa aka karanta katin a gaban kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan a bar shi. Sauran masu karnuka kuma, kowa ya kawo irin wannan takarda." Cikin makon nan aka gayyato ma'aikatan dabbobi suka yi wa karnukan unguwa allura.

Hukuncin mai unguwa ya dace da abin da masana suka gano. Kashe karnuka barkatai ba ya kawar da ciwon, domin wasu karnukan da ba a yi wa allura ba sukan zo su maye gurbinsu. Amma idan aka yi wa bakwai daga cikin kowane karnuka goma allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Ka ga ashe katin da ya ceci Duna, yaran unguwa yake karewa. Riga-kafi ya fi magani.

Idan Ka Ga Kare Marar Gata

Wataƙila wata rana kai ma za ka ci karo da kwikwiyo a cikin kwata, ko kare da mota ta buge. Ga abin da ya kamata ka kiyaye.

Da farko, ka tsaya nesa ka lura. Idan karen yana dalalar da yawu, ko yana tangaɗi, ko yana cizon duk abin da ya gani, ko muƙamuƙinsa ya saki, kada ka kusance shi. Ka kori yara daga wurin, ka sanar da manya da ma'aikatan dabbobi.

Na biyu, kada ka taɓa kare mai rauni da hannu tsirara, domin zafin ciwo yana sa ko mai sanyin hali ya yi cizo. Ka kira babba, a rufa masa buhu ko bargo kafin a ɗaga shi. Haka nan kada ka kusanci karya mai shayarwa, ko kare mai cin abinci.

Na uku, ka ba shi ruwa a inuwa. Kare ba ya gumi kamar mutum. Da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa ƙishirwa take saurin galabaitar da shi da bazara. Wajen abinci kuwa, ka guji ba shi albasa da cakulan da dafaffen ƙashin kaza, domin suna cutar da shi.

Na huɗu, ka nemi izinin iyayenka kafin ka kai shi gida, ka kuma tambayi kanka ko za ku iya ciyar da shi shekara goma ko fiye. In ba za ku iya ba, ku nema masa wanda yake bukatar karen gadi.

Na biyar, idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ko da kwikwiyo ne, kada ka ɓoye don tsoron faɗa. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka gaya wa iyayenka, ku tafi asibiti a ranar.

Kammalawa

Duna ya ga ambaliyar shekarar 2022 yana tsoho, furfura ta fito masa a baki, idonsa ya fara dushewa. Ba ya iya gudu zuwa ƙofa, amma in ya ji babur yakan ɗaga kai ya buga wutsiya a ƙasa. Da sanyin shekara ta gaba, wata safiya na same shi kwance a zaure, rai ya yi halinsa. Muka haƙa rami a bayan gida muka binne shi. Inna, wadda ta ce iyakarsa zaure, ita ce ta hana a jefar da kaskonsa.

Na daɗe ina tunanin maganar masuncin nan da ya ce shi nasa ya yi. Fid da kare daga ruwa aikin minti biyar ne. Abin da ya biyo baya, wato kunun safe da yamma, da allurar shekara-shekara, da kuɗin kazar maƙwabciya, da tsayuwa gaban mai unguwa, shi ne ainihin ceton. Haka abin yake ga maraya, da baƙo, da sabon ɗalibin da ya zo ajinku bai san kowa ba. Ba a ce lallai sai ka yi kiwon kare ba. Amma ko ba ka ajiye shi ba, kana iya hana ƙanenka jifansa, kana iya ajiye masa ruwa a gindin bishiya, kana kuma iya gaya wa maƙwabcinka mai kare inda ake yin allura.

Ma'anar Kalmomi

Kwikwiyo: ɗan kare ƙarami.
Karya: macen kare.
Haushi: kukan kare.
Gurnani: ƙara mai kauri da dabba take yi a maƙogwaro idan ta fusata ko ta tsorata.
Tumbatsa: cika har ruwa ya zuba waje.
Koma: ragar kamun kifi.
Ƙanzo: abin da ya kama a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo.
Butulu: wanda ba ya gode wa alheri.
Ƙauri: gaban ƙafa tsakanin gwiwa da idon sawu.
Rai ya yi halinsa: ya mutu.

Tambayoyi

1. Me ya jawo ambaliyar da ta kawo Duna gidan marubucin?
2. Wane sharaɗi Inna ta kafa kafin ta yarda a ajiye kwikwiyon?
3. Wace dabara marubucin ya yi har Duna ya yarda da shi?
4. Bayyana yadda ciwon haukan kare yake shiga jikin mutum.
5. Me ya sa kashe karnuka barkatai ba ya kawar da wannan ciwo?
6. Kawo karin magana uku daga cikin darasin, ka faɗi ma'anar kowanne.

Aiki

Rubuta sakin layi biyu a kan wata dabba da ka taɓa taimaka wa, ko ka ga wani ya taimaka mata. Sannan ka tambayi wani dattijo a gidanku karin magana ɗaya game da kare a harshenku, ka zo ka bayyana wa 'yan ajinku ma'anarsa da Hausa.